Sahura Mai Ƙuli da 'Ya'yan Dalma

Kafin rana ta ɗaga a Yargalma, hayaƙin gidan Sahura ya riga ya tashi. Sai ta soya gyada a babban kaskonta, ta juye a tabarma ta sha iska, sannan ta jawo 'yar kujera ta zauna a bakin zaure tana jira. Masu sayen ƙuli sun san sai bayan azahar, don haka ba su take jira ba. 'Yan aikinta take jira, in dai za a kira su 'yan aiki. Wani zai murje kwano guda ya cinye rabi. Wata za ta fara fece ɓawo, ta manta abin da take yi, ta tsaya kallon kaji. Duk mai neman riba da ya ga irin waɗannan ma'aikata sai ya riƙe baki. Sahura kuwa ta shekara goma sha da su, ba ta taɓa korar ko ɗaya ba.

Wanda bai san garin ba zai ce tsohuwar ba ta san ciniki ba. Ta sani sarai. Yaran ne ke da labari.

A shekarar 2010 zinariya ta shigo mana gida da ƙafarta. Maza suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka, mata suka riƙa dakawa a tsakar gida, a turmin da ake surfen gero, jarirai na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Wa zai ji tsoron ƙasa, abin da aka haife shi a kai? Sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce sanƙarau, har likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Aka kwashi yaran da suka rage zuwa asibiti, aka ɗauki Sahura, wadda mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ta riƙa dafa wa iyaye mata abinci. Girki aka ɗauke ta, amma ba a yi mako ba aka daina ganinta babu goyo.

Wanda ya fi daɗewa a bayanta shi ne Lirwanu, ɗan Ummukulsum, yana ɗan shekara biyu. Ɗan fari ne. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ga surukai zaune sai ta kau da kai. Ɗakin jinya kuwa kullum cike yake da dangin miji. Ummukulsum ta kan juya wa gadon baya, hawaye na zuba, ta ce, "Inna Sahura, ɗauki wancan." Sahura ta ɗauka. Yaron ya tashi daga ciwon, sai dai magana ta yi masa nauyi, karatu kuma ya ƙi zama. Yana ɗan shekara bakwai 'yan bindiga suka tare hanyar kasuwa suka harbe ubansa, shi yaron yana zaune a gaban babur ɗin.

Da aka sallami yaran, aikin Sahura ya ƙare a takarda, ta koma suyar gyadarta. Sai ga su suna biyo ta ɗaya bayan ɗaya, waɗanda makaranta ta gaji da su, gida ma aka gaji. Ba ta da wani tsari da za ta iya faɗa maka. Kullum wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ba tsawa, ba bulala. Kowa ta ba hannunsa abin yi, ta kira shi da sunansa na yanka, ba Dolo ko Gaula da gari ya laƙa masa ba. Maƙwabta sun ga yarinyar da ke dukan kanta da bango ta koma tana mulmula ƙuli. Sun ga yaron da ke shiga ƙarƙashin rumbu in an buga ƙofa ya zauna har a sauke kasko.

Ke ce uwar waɗanda aka gaji da su, Sahura. Ke ce mai zanen goyon da ba ya tambayar ɗan wa ne.

Amma kada mai karatu ya zaci ta gane abin da take yi, don ita ce ta fi kowa ruɗewa. Wata likita ta taɓa ce mata ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko ake gina ta, kamar katangar laka, in ruwa ya dake ta tana ɗanya sai ta tashi a karkace. Ta riƙe wannan magana. To amma ga wani da gubar ta kusa kashewa, yau yana sakandare a Gummi. Ga wata kuma da danginta suka gudo daga wani ƙauye, ba ta taɓa shaƙar ƙurar dutse ba, amma firgicinta da mantuwarta iri ɗaya ne da na 'ya'yan dalma. Sahura ta kai wa limami tambaya, ta kai wa ma'aikacin asibiti. "To mi an na dalma, mi an na tsoro?" in ji ta. "Ni dai na kasa rabe su." Kowa ya ba ta amsar da ya sani, ta dawo gida da tambayarta.

Lirwanu ne ya ƙarasa rikita ta. Da ya tasa ya bi samari ramin haƙar zinariya, inda ake haɗiyar ƙwaya don kada a ji gajiya. Sauran don aiki suke sha. Shi ko ranar da babu aiki yana sha. Ta ritsa shi a bayan zaure ta tambaye shi dalili.

"Inna, kaina ba shi yin shiru," ya ce. "In na sha shi ka yin shiru."

Ta taɓa ƙwace ƙwayoyin ta zuba a masai, ya ɓace makonni, ya dawo ya rame. Ta gwada yin shiru, mutane suka ce ita ke ɓata shi. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta karɓo rubutu, kuma har yau ba ta san wanne ya yi amfani ba. Abu ɗaya dai ta lura: duk inda ya kwana, da safe zai zo ya zauna a gefen tabarmar gyada.

Bana idanun Sahura suka yi yana, gwiwoyi suka ƙi. Ɗanta Yakubu, mai sayar da hatsi a Gummi, ya ce ya isa haka, za ta koma wurinsa. A makon ne kuma Lirwanu ya birkice a gida, ya farfasa randuna, ya hankaɗe baffansa Makau har ya gurɗe hannu. Makau, ƙanin mahaifinsa da ke riƙe da gidan, ya yanke magana: gidan mari za a kai shi, a sa masa ƙarfe a ƙafa har ƙwayar ta fita.

Ranar tafiyar Sahura da hantsi, an ɗaure kayanta a mota, sai ga Lirwanu a guje. Ya faɗa zaure ya zauna inda ya saba, yana murza tabarma da hannu duk da babu gyada a kai. Bayansa ga Makau da maza biyu da igiya. Mata suka firfito. Can baya, jikin katanga, Ummukulsum ta tsaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Makau, ka yi haƙuri," in ji Sahura. "Yaron ga tsoro ya yi mai yawa. In anka ɗaure shi, ina jin ƙaruwa za shi yi."

"Kina ji ko kin sani?" Makau ya ce, ba da faɗa ba. "Inna, ba ƙin shi ni kai ba, ɗan wana ne. Amma ke ga kayanki cikin mota. Gobe in ya ɗauki taɓarya, wa za shi riƙe shi?"

Gaskiya ya faɗa. Sahura ta dubi yaron, ta dubi motar. Waɗanda ke wurin sun ce ta daɗe tsaye har Yakubu ya kashe injin. Sannan ta dogara sandarta ta ratsa mata ta isa wurin Ummukulsum.

"Ɗiyata, na goya shi, na ciyar da shi, ban san ko na gyara ko na ɓata ba," ta ce. "Abu guda ne ban taɓa gani an gwada ba. Tun da anka haihe shi bai taɓa jin sunanai a bakinki ba. Ban ce magani ne ba, wallahi ban sani ba. Amma ni na ƙare."

"Inna, gaban surukaina?"

"Gaban igiya dai."

Sai muryar Ummukulsum ta fito, kamar ta mai koyon magana.

"Lirwanu."

Wata tsohuwa ta yi salati. Yaron ya ɗaga kai, ya dubi Sahura, domin a duniya ita kaɗai ke kiransa haka.

"Ba ni ba ce," in ji Sahura.

Ya riƙa bin fuskokin mata da ido yana nema. Shekararsa goma sha bakwai, bai san yadda sunansa yake a muryar uwarsa ba. Sai da ta sake faɗa, ta sauke mayafin, sannan ya gane.

"Lirwanu, taso mu tahi gida. Ɗauko kaskon Inna, gobe muna da suya."

Ya tashi ya ɗauki kaskon ya ɗora a ka. Makau ya bi su da kallo, ya naɗe igiyar a hannunsa mai lafiya, ya ce shi dai ba ya son a ce ya hana. Daga baya shi da kansa ya kai yaron Gusau wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Ba za a ce Lirwanu ya warke ba, don ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Akwai ranakun da yake komawa ga ƙwaya, akwai ranakun da ba ya sha. Ba wanda zai iya rantsewa ko maganin Gusau ne, ko kaskon, ko sunan. Kunya ma ba za mu zage ta ba, dubban 'ya'yan fari sun tashi cikinta lafiya lau, ga kakanni da goggonni sun cike gurbin. Shi ne dai ya tashi a lokacin da masu cike gurbin ke binne nasu 'ya'yan. Abin da ido ya gani shi ne ƙafarsa ba ta shiga mari ba, kuma hayaƙin suya yanzu daga gidan Ummukulsum yake tashi, sauran yaran ma can suke zuwa.

Ita kuwa mai ba da shawarar, Yakubu ɗan farinta ne, kuma ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai Mai Hatsi. An ce da suka hau hanya ya dube ta ya ce, "Inna, ni hwa?" Ta ce, "Tuƙa mu tahi, marar kunya." Aka ce ta yi dariya, daga baya kuma ta yi ta share ido har Gummi.

Sahura, mun gode. Ke ce kika zauna da abin da ba ki gane ba, ba ki ce sai kin gane za ki taimaka ba. Mu da muka ga yaran nan muka ce sun lalace, ke kika tambayi me ya same su tun suna goye, kuma da ba ki samu amsa ba kika ci gaba da soya gyada. Allah ya saka miki da alheri, ya buɗe idanun nan, ya sa ki gama lafiya.

Sauran mu kuma, babu unguwar da ba ta da yaron da ake ce wa wancan, ko ɗan ƙwaya, ko gaula. Kafin a aika neman igiya, a samu mai zama da shi ko da ba shi da amsa. In an rasa ta inda za a fara, yana da sunan da aka yanka masa rago.