Babban Yatsan Malam Isiyaku

Malam Isiyaku direban bas ne. A Makera aka haife shi, da ya yi aure ya dawo Nasarawa, kusa da gidana. Tun gemunsa na baƙi yake jigila tsakanin Kakuri da babbar kasuwa, ya haye gada ya dawo, har gemun ya yi fari ba a taɓa jin ya goga wa motar wani ba. Ba ya gudu. Fasinja mai sauri idan ya leƙa ya ga shi ne a sitiyari, sai ya tuna ya yi mantuwa a gida. Matan Romi masu kai ƙwai kasuwa kuwa tasa suke jira.

Abin da ya fi yarda da shi a jikin mota hon ne. Yakan ce birki na iya cin amanar mutum, hon kuwa bai taɓa ba. Zai sha kwana ya danna, mota ta sha gabansa ya danna, ya hango surukinsa a bakin titi ya danna. Matarsa Rakiya ta gaya wa matata cewa ko a tabarma yake zaune, in akuya ta gifta sai babban yatsansa ya motsa.

Shekarar da soja suka koma bariki, son zaɓe ya kama kowa. Direbobin tasharsu ma suka ce sun gaji da ciyaman na naɗi. Dattawa suka tsayar da Isiyaku. Ya ce shi ba ya so, amma na lura ya ɗinka sabuwar babbar riga. Abokin takararsa Tanko ne, direba mai jini a jika, wanda kowace ƙofa ta bas ɗinsa da irin fentinta. Dattawan ba su da yawa. Ƙuri'u suna hannun matasan direbobi da kwandastoci, su kuwa in ba sa kan hanya suna shagon Albert.

Albert mutumin Zonkwa ne. Ya yi aiki a masaƙa har aikin ya yi sanyi, sai ya sayi talabijin da wata 'yar na'urar wasa ta gwanjo, ya buɗe shago a bayan tasha. Wasan da aka fi so tseren motoci ne, amma kowace mota da bindiga a hancinta, tana harbin ta gabanta har ta kama da wuta, bayan ɗan lokaci ta dawo sabuwa. Ga wani kiɗan jita na Turawa, kamar ana yanka kwanon rufi da zarto.

Mai neman abu shi ke zuwa gaisuwa. Isiyaku ya roƙe ni na raka shi shagon bayan la'asar, da goro a aljihu, muka tarar Tanko ya riga mu. Aka gaisa, Isiyaku ya fara bayanin yadda zai gyara layin lodi, kiɗan yana cinye rabin maganar. Sai Tanko ya ce ai direba a kan hanya ake gane shi, Baba ya zauna su gwada, in ba ya tsoro. Samari suka zuba ido. Na ga Isiyaku ya gane cewa in ya fita a haka, ƙuri'un ba za su biyo shi ba.

Ya tattara riga ya zauna. Albert ya ɗora masa abin dannawa a hannu, ya nuna masa totur, da hagu da dama, ya ce maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsa kuwa bindiga ce.

"Wannan ba da ni ba, Albert," in ji Isiyaku. "Ko gugar mota ban taɓa yi ba, balle harbi."

"To Baba, za su gasa ka fa."

"Allah ya kiyaye hanya."

Aka tashi, motoci suka fice suka bar shi yana bisimilla. Ya ja tasa a hankali, ya riƙe hannunsa. Kafin ya yi nisa sun zagayo sun cim masa, Tanko yana tambaya ko a aiko masu turi. Wata jar mota ta sha gabansa daidai kwana. Ban ga ya yi niyyar komai ba, yatsan ne kawai ya yi abin da ya saba. Jar motar ta tashi da wuta.

Ya yi salati, ya nemi tsayawa ya duba, aka ce babu wurin fakin. Ya ɗaga yatsan sama, ya ci gaba. Sai dai hanyar duk kwana ce, kuma mai tafiya a hankali kowa sai ya sha gabansa. Ga wuta ko'ina, ga kiɗa ya ƙi yin shiru, hankalinsa ya tashi. Direba irinsa kuwa in hankali ya tashi abu ɗaya ya sani. Duk zagayen da Tanko ya yi sai ya bi ta gaban Isiyaku, kuma duk lokacin da ya bi sai an yi masa gargaɗi. A nan Tanko ya rasa na ɗaya, ya rasa na biyu. Isiyaku ne ya zo na ƙarshe, amma Albert ya rantse tun da ya buɗe shagon ba a taɓa ƙona motoci haka ba.

Samari na ihu, shi kuwa ya miƙe, ya dubi Tanko da idon tausayi.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Hon na yi maka."

Wannan ya ƙara wa ihun ƙarfi.

A tsarin Isiyaku, wanda ya ɓata motar wani yakan bi shi har gida da dattijo a ba da haƙuri. Na ce masa motar nan fa ba ta da mai ita. Ya ce Tanko ne a cikinta. Haka muka je da safe, muka yi sallama a ƙofar gida, maƙwabta na jin Isiyaku yana tambayar yaya ya kwana da jiki. Tanko ya fito, ya dube mu, ya koma ciki ya rufe ƙofa. Kafin azahar labari ya cika tasha cewa Baba ya ƙona mutum, ya kuma bi shi gida da jaje. Samari suka ce irin wannan ake so ya riƙa shiga ofishin hukuma a madadinsu.

Zaɓen na layi ne, kowa ya tsaya bayan gwaninsa. Layin Isiyaku ya fita ƙofar tasha har ya tare masu lemo. Yana tsaye a gaba cikin sabuwar riga, kai a sunkuye, hannu a aljihu, na baya suna ta kwaikwayon ƙarar bindiga da baki. Ya yi ta ƙoƙarin bayyana musu cewa kuskure ne, ba wanda ya saurara.

Ya daɗe a kujerar ciyaman, kuma an ji daɗinsa. Idan aka ambaci shagon Albert sai ya sauya magana. Daga baya dai na ga Albert ya ajiye kujera mai hannu a gaban talabijin, wadda samari ba sa zama a kai. Ban tambayi ta wane ne ba.