Matatar iskar gidan Baba

Mun tashi da asuba daga Greenbelt ranar Asabar, ni da maiɗakina. Sai da na kankare ƙanƙarar gilashin mota da wani tsohon kati kafin mu motsa. Ita kuwa ta rungume kular kunun gyaɗa da ƙosai kamar mai jego.

Germantown muka nufa, wajen Baba. Ba shi ya haife ni ba, amma shi ya sauke ni a gidansa wata bakwai lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Tsohon ma'aikacin rediyo ne, kuma tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune. Da shigowar sanyi ya kira ni ya ce hitar da ke ɗumama gidan tana gurnani, iskarta tana warin ƙura, ga gwiwa ta hana shi sauka ɗakin ƙasa inda na'urar take. Na ce ai matatar iska ce ta toshe, zan zo ƙarshen mako in canza. Wata uku ke nan ban je ba. A tsakani ya yi kwana biyar a asibiti da ciwon ƙirji, ban ma ji ba sai a masallacin Juma'a.

Babbar hanyar Beltway fayau take, sai motocin zuba gishirin narkar da ƙanƙara. Hanyar da na yi ta fakewa da cunkosonta, ko minti arba'in ba ta ci mana ba. Muka tsaya a wani kantin kayan gini. Matatun nan jere suke reras, kowace da girmanta, na zaɓi ɗaya da ka. Kuɗinta bai kai na faranti biyu na shinkafa ba.

Baba ya rame. Muka durƙusa muka gaishe shi, na ga kwalaye jibge a falo amma ban tambaya ba. Yana shan kunu na sauka ƙasa, na kashe na'urar, na zaro tsohuwar matatar. Baƙa ƙirin, ƙura ta daskare a jikinta kamar bargo, har ta lanƙwashe. Wannan iskar dattijon yake shaƙa. Na jima tsaye riƙe da ita.

Sabuwar kuma ta ƙi shiga, ta yi faɗi. Ashe awon yana rubuce a gefen tsohuwar. Da na hau na faɗa wa Baba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai da bokonka, a ina ka taɓa ganin an ɗinka riga ba a gwada ba?"

Na koma kanti na canzo. Na zura ta, kibiyar da ke gefenta tana kallon na'urar, na kunna. Gurnanin ya ɗauke. Aikin duka bai kai minti biyu ba.

Da na hau sama na tambayi zancen kwalayen. Ya ce 'yarsa ta rantse ba za ta ƙara barinsa shi kaɗai ba, ƙarshen wata za ta ɗauke shi zuwa Texas.

"Baba, ka yafe mini. Da na zo tun lokacin..."

"Likita bai ce matata ba ce, ɗana, tsufa ne. Ita kam da na so, maƙwabcina ma zai canza mini. Na dai ce ko ta dalilinta za ka zo mu sha shayi."

Maiɗakina ta sunkuyar da kai.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Motoci sun cika titi, muna ta rarrafe har muka ga allon Greenbelt. Muka iso gida lafiya gab da magariba.

Abin da na koyo shi ne, idan dattijo ya kira ka gyaran ƙaramin abu, ka tashi ka je a ranar, don sau da yawa fuskarka yake son gani. Asabar uku suka rage masa a Germantown. Na ce masa duka zan zo ɗaure kaya. Ya ce to, Allah ya kai mu, amma daga muryarsa na gane bai sa rai ba.