Kofur Ishaku da Mai Aron Riga

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan damina, da muka binne ƙanena Kofur Ishaku a Dabai. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan je coci in yi addu'a, in cire ciyawar da ta fito a kan kabarin, in dawo gida in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan yi shiru ba. Fastonmu ya ce mini, "Mama Saratu, ki bar wa Ubangiji ramuwa." Na ce masa na bar masa, amma ai Ubangiji ma yakan aiki bayinsa.

Ishaku soja ne kamar mahaifinmu, kamar rabin mazan ƙasarmu. Ya dawo gida da 'yar fansho, da hannun hagu wanda aiki ya cinye wa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da kuma wata kyamara baƙa mai nauyi. Muka yi murna, muka ce ga sana'a ta samu, zai riƙa ɗaukar hotunan biki da na suna. Ina! Sai ga ƙaton mutum mai gashin baki yana rarrafe a cikin ciyawa yana bin malam-buɗe-littafi. Ni ce kan gaba wajen yi masa tsiya. Nakan ce sojan da ya kasa kama abokan gaba ya koma farautar abin da ko miya ba a yi da shi, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai waɗannan ba sa ramawa da bindiga.

Amma ya san aikinsa, dole in faɗi gaskiya. Yakan fita da hantsi kafin rana ta yi zafi, lokacin da suke shanya fukafukai a kan ganye, ba su da ƙarfin tashi. Ya san ƙanana masu ruwan ɗorawa suna taruwa a jiƙaƙƙen yashi na bakin rafi, musamman inda shanu suka yi fitsari. Ya san masu ƙarfin tashi ba ruwansu da fure, ruɓaɓɓen mangwaro suke so, don haka kullum aljihunsa yana tsami, ni ke shan wankin. Fim ɗinsa hoto talatin da shida yake ci, sai ya yi wata guda bai cinye shi ba, don yakan kwanta ya fi awa yana jiran guda ɗaya ya buɗe fiffike. Bai san sunayensu na boko ba sai kaɗan, saboda haka ya raɗa musu nasa. Babban nan baƙi mai zanen rawaya da ke zagaya lemun tsami shi ne Sarkin Lemu. Mai shuɗin ido biyu a bayansa, wanda ke son zama a tsakiyar hanya, shi ne Ɗan Sanda. Mai launin jan ƙasa da baƙin gefe da farin zane kuwa Ɗan Tumfafiya, domin tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci. Saboda shi ne Ishaku ya hana a sare tumfafiya ko ɗaya a gonarsa, maƙwabta suna cewa soja ya taɓu.

Wata rana ya kira ni bayan rumbu ya nuna mini guda biyu a kan fure, ya ce in faɗi bambancinsu. Na ce duk ɗaya ne, kada ya ɓata mini lokaci.

"Yaya, duba ki gani," in ji shi. "Wanga Ɗan Tumfafiya na, ɗaci gare shi, tsuntsu bai cin shi, shi ya sa yake tashi sannu awa mai sarauta. Wagga kuwa ba ta da ɗaci ko kaɗan, rigar shi ta ara don tsuntsu ya ƙyale ta. Mijinta ma baƙi na, mai farin tabo. Ki ƙirga ɗigon da ke fiffiken baya. Na gaskiya uku ko huɗu gare shi a tsakiya, ita ko ɗaya tal, can gefe."

Ya sa mata suna Mai Aron Riga. Na yi dariya a ranar, ban san darasi yake ba ni a kan ɗan Adam ba.

Yana da wani amini, ma'aikaci a cikin garin Zuru, wanda ba zan kama sunansa ba, bari in kira shi Wane. Wane yana da babur, shi ke goya shi zuwa dazukan Sakaba, wani lokaci har wajen Bena. Idan sun isa, Ishaku ya shiga ciyawa, Wane ya nemi inuwa ya zauna yana shan rake. A gidana yake cin tuwo idan sun dawo, yana kirana Yaya kamar ciki ɗaya muka fito. Da zazzaɓi ya kwantar da Ishaku, kwana tara Allah ya karɓi abinsa, Wane ya fi kowa kuka. Ana cikin zaman makoki ya durƙusa a gabana ya ce in ba shi albam ɗin hotunan kada gara ta cinye, zai sa a buga littafi da sunan marigayi, don 'yarsa Rahila ta tashi ta san ko wane ne ubanta. Rahila a lokacin shekararta takwas, uwarta ta riga uban rasuwa, a hannuna take. Ni da kaina na shiga ɗaki na ɗauko albam uku na miƙa masa, har da sa masa albarka. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Shekara uku babu littafi, babu labarinsa. Rannan na shiga wani kantin magani a Zuru, na ɗaga kai, sai ga Sarkin Lemu a jikin bango. Kalanda ce mai sheƙi, kowane wata da hotonsa, duk na san su, har na san a gindin wace bishiya aka ɗauki wasu. A ƙasa ga hoton Wane cikin babbar riga, an rubuta cewa shi ne ya ɗauka. Na duba gaba na duba baya, babu sunan Ishaku ko a ƙaramin rubutu. Ban sayi maganin ba, na wuce ofishinsa a ƙafa.

"Yaya, mi ya yi zafi?" in ji shi, ko tashi bai yi ba. "Tare munka yi aikin ga. Ni ad da babur, ni ad da mai. Shi wanda ya tahi ya tahi, kuma hoto ba ya da uba. In kina da shaida ki kawo."

Ba ni da shaida, shi ma ya sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga nan aka fara gayyatar Wane makarantu a matsayin masani, har Birnin Kebbi ya je. Akwai hoto ɗaya da ya fi tinƙaho da shi, na wani malam-buɗe-littafi zaune a kan babban yatsa, an yanke hoton ba a ganin komai sai kan yatsan. Yakan ba yara labarin yadda ya tsaya awa guda ko numfashi ba ya yi har abin ya sauka a hannunsa, a ƙasan hoton kuma ya rubuta Ɗan Tumfafiya. Duk wannan na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar da Rahila ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Ta faɗa wa 'yan ajinsu cewa hotunan da Wane ke nunawa na babanta ne, suka yi mata dariya, suka ce Wane ya ce babanta jaka kawai yake riƙe masa. Ta tambaye ni, "Gwaggo, ko dai gaskiya ne?" Yarinya ta fara shakkar ubanta a kan ƙaryar wani. Tun daga ranar na daina roƙon Allah ya shiryi Wane, na koma roƙon ya ja mini kwana.

Nakan yi tunanin abin da Ishaku zai ce da ya ga zamanin nan. Ya rasu wayar hannu ba ta iso mana ba, yau ga ta har da mai ɗaukar hoto. Masu kyamarar zamani suna ɗaukar hoto ɗari, su duba nan take, su goge wanda bai yi ba. Na san zai ce wanda bai taɓa tsoron ɓata fim ba bai koyi kallo ba. Zai kuma yi baƙin cikin bakin rafin nan nasa, don an mai da shi wurin kwasar yashi, kuma feshin maganin ciyawa ya rage masa baƙinsa masu fukafukai. Sai dai zamanin da zai yi wa tsaki shi ne ya yi masa aiki.

Akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai shagon hoto a Zuru, wurinsa Ishaku ke kai fim a wanke. Masu wankin fim sun ragu, ciniki ya mutu, ya yanke shawarar mayar da shagon na sayar da katin waya. Watan jiya sai ga shi a ƙofar gidana da gwangwanin biskit a hammata.

"Mama, kayan Kofur ne," in ji shi. "Ya ce ɗakinsa yana yoyo, in ajiye masa. Ina share shago na gan shi a bayan kanta. Mutumin kirki ne, ba zan iya zubarwa ba."

Nagatif ne cike da gwangwanin, wato asalin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, kowane a cikin takardarsa, da sunan wuri da rubutun Ishaku. Ni da Rahila muka zauna a tsakar gida muna ɗaga su ɗaya-ɗaya a hasken rana. Mun kai na ashirin da wani abu sai ta yi ƙara. Ga hoton yatsan nan, amma cikakke, ba a yanke ba. Ga tafin hannu a buɗe, jiƙe da gumi, don gishirin gumi irin waɗannan ƙwarin suke zuwa sha, ga babban yatsa, ga manuni, ga na tsakiya, daga nan sai dungu. Rahila ta kai fim ɗin bakinta ta sumbace shi tana kuka. Da muka sa aka fitar da shi babba, ta ƙura masa ido, ta ƙirga ɗigon fiffike kamar yadda na koya mata, ta ce, "Gwaggo, ai wannan ba Ɗan Tumfafiya ba ne, Mai Aron Riga ce." Shekara huɗu babban masani yana yawo da ita makaranta-makaranta bai gane 'yar'uwarsa ba.

Idan na auna abin da ya saura na Ishaku, ba shi da yawa. Gidansa ya zube, kyamarar ta yi tsatsa, babu inda aka rubuta sunansa sai a kan kabari. Amma tumfafiyarsa tana nan, ban bari an sare ba. Yaran unguwarmu suna cewa Sarkin Lemu da Ɗan Sanda ba su san wanda ya raɗa sunan ba. Ga kuma yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta gaji idonsa, ba ta ƙara tambayata ko gaskiya ne ba.

Saura kai, Wane. Na san kana karanta wannan jarida, a kan teburinka na gan ta ranar da ka ce hoto ba ya da uba. Na ji kai ne babban baƙo a bikin ba da kyaututtuka na makarantar su Rahila ranar Asabar mai zuwa, kuma za ka zo da hotunanka. Da gangan nake gaya maka tun yanzu, don ina so ka yi mako guda kana taunar abin da na tauna shekara huɗu. In ka ƙi zuwa, duk wanda ya karanta wannan ya san dalili. In ka zo, za ka same ni a bencin gaba, Rahila a gefena, hoton a kan cinyata, na sa an yi shi girman faifai don na baya ma su gani. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ba zan zage ka ba, ba zan ɗaga murya ba. Zan bari ka gama labarin yadda ka tsaya awa guda ko numfashi ba ka yi, a yi maka tafi, sannan in miƙe in roƙe ka abu ɗaya a gaban yaran: ka ɗaga hannunka na hagu mu ƙirga.