Suwaibatu Rabe da Kullin da Ta Ɓoye

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Suwaibatu a garin Nguru a shekarar 1916. Mahaifinta shi ne Malam Rabe, ɗan kasuwar da iyayensa suka taso daga Haɗeja, mahaifiyarta kuwa Gogo Talatu. Ta yi karatun allo har izu goma.

Koyon Sana'a

A shekarar 1932, lokacin da jirgin ƙasa ke kawo ƙananan duwatsun ado masu kamar ƙwayar gero daga Kano, aka kai ta wurin Kaka Falmata, wata dattijuwa Babarbariya da ta shahara a saƙar abin wuya. Ta koyi saƙar da suke kira bayan kifi, inda ake ɗaukar duwatsu biyu a kowace sukar allura su jingina da juna. Abu ɗaya Kaka ta hana ta, wato kullin rufewa, wanda in babu shi abin wuya watsewa yake yi. A zuriyar Kaka an yi imani cewa wadda ta nuna kullin ba ta ganin wata damina. A farkon 1937 Kaka ta nuna mata, kuma kafin ruwan farko sanƙarau ya ɗauke Kaka. Malamai sun yi ta faɗa wa Suwaibatu cewa camfi ne, ajali ne ya zo, amma tsoro ya riga ya shiga zuciyarta.

Aure da Zaman Gashua

A 1938 ta auri Dauda mai fataucin bandar kifi, suka tare a Gashua, inda Allah ya ba su 'ya'ya uku. Aikinta ya yi suna har Machina da Jajimaji. Sai dai duk ranar kulli takan shige ɗaki ta sakaya ƙofa, ko mijinta ba ya leƙawa. 'Yarta Madina ta ƙware a saƙar tun 1951, amma kullum ta nemi kullin sai uwar ta ce a bari sai damina ta wuce. Damina bakwai ta wuce a haka.

Ƙarshen Rayuwa

Daga 1955 yanar ido ta fara rufe mata gani, tsoronta ya zama biyu: ta nuna ta mutu, ko ta ƙi nunawa sana'ar ta mutu. A watan Mayu na 1958, tana kwance cikin zazzaɓi, ta kira Madina ta ce, "Kawo allura, mutuwa dai ɗaya ce." Ina! Ido ya tafi, tun hantsi har la'asar ba ta samu ramin dutse ɗaya ba.

Rasuwa

Ta rasu washegari, ranar Alhamis, tana da shekara arba'in da biyu, aka yi mata sutura aka binne ta a maƙabartar Gashua bayan azahar. Daga bisani Madina ta kwance abin wuya goma sha ɗaya na uwar don ta gano kullin, kowanne ya watse a hannunta. Marigayiya ta bar mijinta da 'ya'ya uku, Madina, Kalli da Falmata, da kuma abin wuya guda ɗaya wanda har yau ba a samu mai ƙarfin halin kwance shi ba. Allah ya jiƙanta da rahama.