Allon Goggo

Shekarar da na sayi kyamara mai kati, wadda ba ta cin fim, kaina ya kumbura a Tambuwal. Na gano abin da masu zuwa ɗaukar hoto suke so, wato a haska su. Sai na riƙa ƙara wa kyamarar haske, kowa ya fito fes kamar bai taɓa shiga gona ba. Akwai wata alama da ke ƙyaftawa a gilashin bayan kyamarar duk inda haske ya yi yawa har fari ya ƙone. Ta ishe ni, na kashe ta.

Ana haka Goggo, yayar mahaifina, ta aiko daga Fakku in zo da kyamara. Ta haura sittin kafin ta fara koyon rubutu a wurin matar liman, mahaifina kuwa kullum tsokanarta yake yi, wai alƙalami ba muciya ba ne. Ranar ta rubuta Fatiha da hannunta, cif, a allon da ta shafe da farar ƙasa.

Na isa a babur rana tsaka, ina sauri don akwai biki a Kebbe.

"Ba fuskata nika so ba," in ji ta. "Allon ga za ka ɗauka, ka kai ma ubanka shi gani."

Ga inuwar dogonyaro a ƙofar ɗakinta, amma na tsayar da ita a tsakar gida, na danna sau biyu. Na leƙa gilashi, na ga fuskarta ta yi kyau, na hau babur.

Sai a shago na gani. Goggo tana murmushi, ta rungume allo fari fat, ko ɗigo babu. Na yi ta rage haske a kwamfuta, a banza. Abin da ya yi duhu ana iya tono shi, amma farin da ya ƙone babu komai a ƙarƙashinsa. Da na rage haske tun a can, ko na matsar da ita inuwa, da shi ke nan. Allon kuwa na san ta wanke shi tuni.

Ban kai wa mahaifina ba. Ita na kai wa, don ta yi ta aike. Ta kai hoton kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi wajen ƙofa.

"Ɗana, ina rubutun yat tafi?"

Kalma ɗaya ce ta rage mini, in ce na ɓata, mu sake. Girman kai ya hana ni.

"Yana nan, Goggo. Haruffan ƙanana ne, sai mai ƙarfin ido."

Ta sa mini albarka, har da ƙullin gyaɗa. Na karɓa kuwa. Har yau in na tuna, kunya nake ji kamar in nutse.

Bayan girbi na koma da niyyar sake ɗauka. Na tarar da allon rataye a bango, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa, tawada ta bushe a kurtu. Na tambaye ta ina aka kwana a rubutu.

"Na bari," ta ce, tana tsince wake. "Tunda idon ya tafi har ban ganin abin da nir rubuta, mi zan wahal da matar liman? Kai dai Allah shi yi ma albarka da kag gaya min gaskiya."

Kyamarar tana rataye a wuyana, na kasa ɗaga ta.