Hardis ɗin da Baffa Sunusi Ya Zaɓa

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da aka yi zaɓe na biyu bayan sojoji sun koma bariki, ruwa duk ya jiƙa fastocin 'yan takara suna ɓamɓarowa daga katangun unguwarmu ta Madabo. Ina da shekara goma sha biyu. Ina tsugune bakin rariya ina wanke-wanke aka ce in kai tabarma soro, Baffa Sunusi zai yi gwaji. Baffa Sunusi ƙanin Babanmu ne. Ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida can wajen Ƙofar Nassarawa, tun daga nan babu mai ja da shi a gidanmu kan duk abin da ake jonawa da wuta. Na tarar ya kifa turmi ya ɗora kwamfutar Ummanmu a kai, irin ta ɗorawa a cinya wadda ake kira laftof, Baba da abokan Baffa biyu sun kewaye ta. A gefe ga hardis guda biyu, wato ɗan akwatin ƙarfen nan mai kamar kwalin ashana babba, inda kwamfuta ke adana duk abin da aka rubuta mata. Ya sa tsohon, ya kunna wata manhajar gwada gudu, wani shuɗin layi ya miƙe ya tsaya a tsakiyar allo. Ya kwance da sukundireba, ya sa sabon da ya karɓo wurin abokinsa, layin ya zarce har ya kusa taɓa gefe. Mazan suka ɗauki kabbara kamar an zura ƙwallo.

Kwamfutar ta gwanjo ce, Baba ya saya wa Umma saboda karatunta. Umma malamar firamare ce, ta koma neman digiri tana zuwa lacca lokacin hutu, kuma a shekarar nan take rubuta kundin kammala karatu a kan tsofaffin mata masu kaɗi da saƙa na cikin birni. Shekara biyu tana bin lunguna, daga unguwarmu har Ƙofar Dawanau, da littafin rubutu a cikin mayafi, tana zama gaban tsofaffi tana rubuta abin da suka faɗa. Ni ce mai buga mata. Idan na dawo daga boko na yi shara, na kai niƙa, na cika randa, sai in haura bene in zauna gaban kwamfutar kafin lokacin Islamiyya, ina jiyo ƙawayena a ƙasa suna 'yar gala-gala suna kiran sunana. Tsohon hardis ɗin yana da nawa, wannan gaskiya ne. Idan na danna babi, sai na yi zagaye guda na carafke da duwatsun da nake ɓoyewa a aljihu kafin ya buɗe. Amma yakan buɗe. Bai taɓa ƙi ba.

Sabon kuwa na san shi fiye da kowa, don mako guda ke nan Baffa ya kwafe aikin Umma a kansa ya ce a gwada. Da fari kamar walƙiya yake. Amma da zarar kwamfutar ta ɗauki zafi, bayan kamar awa guda, sai ya fara wani ƙara, ƙas, ƙas, kamar ɓera cikin kwali, allon ya daskare, in yi zagaye huɗu na carafke bai motsa ba. Sau biyu shafin da na buga yana ɓacewa. Na gaya wa Umma, ta ce in gaya wa Baffa. To ga ni a soro, ga Baffa, sai na tsaya bakin ƙofa na ce, "Baffa, a bar shi a kunne zuwa la'asar, sannan a buɗe babi na uku a gani. Idan ya yi zafi ƙara yake yi." Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya, abokansa suka taya shi. "Ke Bilki, carafke kika sani. Wannan lamba ce, lamba ba ta ƙarya." Na kalli Baba. Bai ko ɗago ba, idonsa na kan shuɗin layin, ya ce, "Koma ciki, manya na magana."

A ranar Baffa ya goge tsohon hardis ɗin tas, ya ba abokinsa a madadin sabon. Umma ta leƙo daga bayan labule ta ce ko a ajiye kwafi a wani wuri, ya ce ƙaramin faifan nan na disket shirme ne, gobe zai zo da babban faifai ya kwafe mata. Goben nan ta yi wata biyu ba ta zo ba. Duk sanda Umma ta tuna masa sai ya ce, "Yaya, zamanin takarda da fargaba ya wuce." Umma ba za ta iya matsa wa ƙanin miji ba, ni kuma an riga an nuna mini matsayina.

Saura mako uku a miƙa kundin, wata Talata da azahar, na kunna kwamfutar ta yi ƙas sau uku, allon ya yi baƙi da wani ɗan rubutun Turanci a sama. Na yi ta kashewa ina kunnawa, a banza. Umma ta hauro da hannunta duk ƙullun tuwo, ta tsaya a kaina ta dubi allon. Sai ta juya da gudu zuwa soro, inda kwalin littattafan da ta rubuta hirar tsofaffin yake cikin kabad, ni ina biye. Kabad ɗin cike yake da wayoyi da matattun kayan kwamfuta. Kwalin babu. Baffa ya buƙaci wuri, ya ga tsofaffin takardu ne da an riga an buga, sai ya ba Ladi mai ƙosai ta bakin masallaci. Ban jira an aike ni ba. Na isa wurin Ladi ba takalmi, na tarar da rubutun Ummata an yayyaga shi gida huɗu-huɗu an jera gefen kasko. Ladi, Allah ya saka mata, ta juye mini duk abin da ya rage a zani, har ta sa 'yarta ta bi gidajen da suka yi sayayya da safe. Abin da muka haɗa bai kai littafi guda ba cikin tara, shi ma mai ya cinye rabin tawadar.

Baffa ya zagaya da hardis ɗin wurin masu gyara kwana uku, ya dawo ya ajiye shi a kan tabarma ya ce, "Haka kayan lantarki suke, sai haƙuri." Baba ya ce ƙaddara ce. A nan ne wani abu ya tsinke mini. Na miƙe gaban kowa na ce ba ƙaddara ba ce, na faɗa an ƙi ji, na ce shi ne ya kashe aikin Umma, shi da layinsa. Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne abin da ya biyo baya: ni aka sa na durƙusa a tsakar gida na ba Baffa haƙuri, Umma na tsaye tana share ido da gefen mayafi, shi kuma ya ce ya yafe, ai yarinya ce. Babu wanda ya ce masa ya ba Umma haƙuri. Bai kuma bayar ba.

Umma ta yi asarar shekarar karatun. Muƙamin shugabar makaranta da ake jiran takardarta a ba ta, wata aka ba. Biyu daga cikin tsofaffin da ta yi hira da su sun rasu kafin ta koma, abin da suka faɗa ya tafi tare da su. Muka sake daga farko, da biro. Bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a bene, ita tana lumshe ido tana tuno maganar tsofaffi, ni ina tuno abin da yatsuna suka buga, mu yi ta musu kan kalma guda har a kira magariba. Kowane shafi sau biyu muke rubuta shi, ɗaya ya kwana ƙarƙashin katifarta, ɗaya a gidan kakata.

Yau aikina ke nan, ni ke zaɓar kwamfutocin da za a saya a inda nake aiki, kuma ina amfani da manhajojin gwaji kullum. Ba na raina su. Sai dai na san gwajin minti ɗaya abin da ya faru cikin minti ɗaya yake faɗa, bai san yinin aiki ba, shi ya sa nake barin na'ura ta wuni tana aiki, sannan in tambayi wanda zai zauna gabanta. Gidan Madabo an rushe benen an yi na bulo. Umma ta yi ritaya, idonta ya raunana, idan na tayar da zancen sai ta ce in bar shi haka. Baffa Sunusi ya yi furfura, yakan kawo mini wayarsa in gyara masa, in durƙusa in gaishe shi in karɓa. Nakan yi kewar yammacin nan da muke kan tabarma ni da Umma, kanmu a haɗe kan takarda ɗaya. Fushin kuwa bai tafi ko'ina ba, gaisuwa kawai ya koya.