Ramukan Jassasiya

Shekara biyu, tun da ruɗewar tsufa ta kama shi, Baba bai gane ni ba. Duk Juma'a in na kira gida ta bidiyo daga ɗakina a unguwar Ain Khaled, yayata za ta kanga masa wayar, shi kuma ya ce, "Sannu, Malam," kamar mai gaida baƙon unguwa. Abin yana cin raina, amma ban daina kira ba.

Tuƙi nake yi a Doha. Wata Juma'a wani ɗalibi ɗan garinmu ya ce in kai shi Jassasiya, can arewa, ya ga zanen mutanen da. Ni da na sa rai da wani abin mamaki, sai ga fako da fararen duwatsu. Na ce, "Malam, wannan ka taso mu mu gani?"

Sai na sunkuya na duba da kyau. An sassaƙa jiragen ruwa har da filafilai a jikin dutsen, ga kuma ramuka a jere, kowanne kamar bakin ludayi. Ɗalibin ya ce har yau masana ba su daidaita ba, wasu sun ce wasa ne, wasu sun ce wurin ware lu'ulu'u.

Na ce, "Wane irin masana? Ai dara ce wannan!"

Ya yi ta dariya, wai Hausawa sun riga kowa zuwa Qatar ke nan. Ni kuwa na tsuguna ina tunanin mai haƙar. Da wa ya yi wasan? Wa ya ci? Tunanin ya kai ni ƙofar gidanmu, inda Baba ya koya mini dara da tsinke da tsakuwa, yana cinye ni kullum ba tausayi.

Nan take na kira gida, na juya wayar ga dutsen. "Yaya, nuna masa."

Baba ya daɗe yana kallo. Na ga leɓensa yana motsi, ashe ƙirge yake.

"Layi biyu, bakwai-bakwai," in ji shi. "Wa ya ce dara ce?"

Na juyo da wayar fuskata. "Ni ne, Baba."

Ya tsuke fuska. "Dara rami talatin ce. Sau nawa zan gaya maka, Auta? Kai dai ba ka taɓa iya ƙirge ba."

Ɗalibin yana ta kira, "Yalla, mu tafi, rana ta yi." Ban ko waiwaya ba.

"A sake gaya mini, Baba," na ce. "Na manta."